Tankar Wasa da Dajin Kamuku

A wasan kwamfuta na Robocode, wanda kamfanin IBM ya fitar a 2001, ɗan wasa ba ya tuƙa tankar yaƙi da hannunsa. Umarni yake rubuta mata ya sake ta a fage, ita ta nemi hanya, ta kauce wa harsashi, ta yi harbi. Wadda ke yin nasara ita ce mai wuyar hasashe, mai lissafa inda abokiyar gaba za ta kai kafin harsashi ya isa. A wasannin da ke da katanga da shinge kuwa, ana dogaro da dabarar A*, wadda Hart da Nilsson da Raphael suka wallafa a 1968: kowane taku a sa masa farashi, na'ura ta bi hanya mafi araha.

Nasarar wannan tanka ta rataya a kan sharuɗɗa biyu: taswira cikakkiya, da tabbacin cewa duk abin da ya motsa a fage abokin gaba ne. Masu ganin na'ura mai sarrafa kanta za ta magance matsalar tsaron Birnin Gwari su duba ko dajin ya cika ko ɗaya.

Gandun Kamuku ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma damina tana sauya masa fuska. Kwarin da mota ta ƙetare da rani, a watan Agusta laka ce mai riƙe motar sulke, alhali babur ya bi burtali ya wuce. Farashin kowane taku yana kan manomi da makiyayi da mafarauci, su kuma ba sa buɗe baki sai ga wanda suka amince da shi.

Sharaɗi na biyu ya fi nauyi. Ranar 3 ga Disamba 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, ya kashe aƙalla mutum 85. Mutane ne ke riƙe da linzamin jirgin, amma daga sama suka ɗauki taron ibada a matsayin taron 'yan bindiga. Na'urar da aka bar wa hukunci za ta gaji wannan makanta, ta ƙara mata sauri.

Ya dace matasan Kaduna su koyi rubuta irin waɗannan tankoki, domin makaranta ce mai arha ta lissafi da dabara. Neman hanya da zana taswira a ba na'ura, da taimakon mutanen dajin. Kunamar bindiga kuwa ta zauna a hannun mutum mai suna da muƙami, wanda kotu za ta iya kira ta tuhuma.