Shekarar Farko ta Sabon Malamin Firamare

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a filinmu na wannan mako za mu yi magana a kan wani bawan Allah wanda ba safai ake tunawa da shi ba, wato saurayin nan ko budurwar nan da suka gama kwalejin horon malamai, kamar ta Gumel, suka karɓi takardar NCE, aka tura su wata makarantar firamare a ƙasar Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko can Ɓaɓura a bakin iyakar Nijar. A shekarar nan ta farko ne malami yake ginuwa ko ya rushe. In ya saba da sammako da shirya darasi, to, haka zai tafi har ya bar aiki. In kuwa ya saba da makara da zaman gindin bishiya, da wuya ya miƙe, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dattawa daga cikinku za su tuna shekarar 1976, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta, wato UPE. A sa'an nan garuruwan nan duka suna cikin Jihar Kano, domin Jihar Jigawa ba a ƙirƙiro ta ba sai a 1991. Yara suka kwararo fiye da yadda aka yi tsammani, har aka riƙa ɗaukar malamai da ɗan gajeren horo. Daga baya aka zo da shirin UBE a 1999, kuma takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar da ake nema ga mai koyarwa. To, amma shekara uku a kwaleji da 'yan watannin gwajin koyarwa ba su isa su nuna wa mutum abin da zai tarar a ƙauye ba.

Me zai tarar? Aji ne cike maƙil, waɗansu a kan benci waɗansu a ƙasa. Zai kira suna a rajista ranar kasuwa ya ga 'yan mata sun tafi talla. Da kaka ta yi, za a kwashe yara zuwa girbin gero da cirar gyaɗa, waɗansu kuma kiwo. Zai sami yaro ɗan aji huɗu wanda bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Ga shi baƙo ne, ba ɗaki, ba dangi, wani lokaci kuma albashin farko ya yi jinkiri. A nan ne Shaiɗan yake zuwa masa da shawarar ya riƙa sa hannu a littafi ya sulale.

Sai mu ce da wannan malami ya dubi Mus'abu ɗan Umairu, Allah Ya yarda da shi. Saurayi ne wanda ya tashi cikin daula a Makka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aike shi Madina bayan mubaya'ar Aƙaba ta farko domin ya karantar da mutane Alƙur'ani. Baƙo ne shi ma. Har Usaidu ɗan Hudairu ya zo masa a fusace riƙe da mashi don ya kore shi. Mus'abu bai tayar da murya ba, sai ya roƙe shi ya zauna ya saurara tukuna. Usaidu ya zauna, ya saurara, ya musulunta, daga bisani Sa'adu ɗan Mu'azu ya biyo shi tare da mutanensa. Kafin shekara ta kewayo Musulunci ya shiga mafi yawan gidajen Madina. Haƙuri da sanyin hali su ne jarin baƙon malami.

Akwai abubuwa uku da malaman fiƙihu suka ɗora wa mai koyar da yara. Na farko, albashi lada ce ta ijara, wato jinga. Imamu Malik ya halatta karɓar lada a kan koyarwa, amma wanda aka ɗauka aiki na waɗansu sa'o'i, sa'o'in nan ba nasa ba ne. Malamin da ya bar aji ya tafi acaba ko tsaron shago, ko ya zauna yana latsa waya yara suna ta surutu, lalle akwai shubuha a cikin abin da yake kai wa iyalinsa. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya yi littafi a kan ladubban masu koyarwa, inda ya hana malami shagala da wani abu a lokacin karatu, ya kuma hana shi aiken yara cikin bukatun kansa.

Na biyu, adalci. Shi dai wannan malami ya wajabta daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Sabon malami zai ga ɗan dagaci da ɗan mai shago suna zaune a gaba, ɗan makiyayi kuwa yana can baya, ba littafi ba fensir. To, ya sani wannan na bayan yana da haƙƙi a kansa daidai da na gaban, kuma za a tambaye shi.

Na uku, sassauci. Da yawa daga sababbin malamai suna zaton bulala ce take kawo kwarjini. Ɗan Sahnun ya taƙaita horo ƙwarai, ya hana duka cikin fushi, ya hana taɓa fuska da kai. Ibnu Khaldun kuwa, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana a cikin Muƙaddimarsa cewa tsanantawa ga ɗalibi tana koya masa ƙarya da yaudara da kasala. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Saboda haka abin da ya fi shi ne malami ya ajiye bulala, ya koyi sunayen yaransa, ya yi musu bayani da harshen da suke ji, ya kuma nemi shawarar hedimasta da tsofaffin malamai ba tare da jin kunya ba.

Yanzu sai mu juyo gare ku, masu karatu. Mus'abu bai kwana a titi ba, As'adu ɗan Zurara ne ya sauke shi a gidansa, ya riƙa zagayawa da shi cikin unguwanni. Ina As'adun Roni da Gwiwa a yau? Ya kai ɗan kasuwa, in an turo malami garinku, ka ba shi ɗaki ko ka rage masa haya, ka yi masa haƙuri a kan bashin hatsi har albashi ya zo. Kada ka cire ɗanka daga aji ya tsare maka rumfa, sa'an nan ka dawo kana cewa makarantar gwamnati ba ta koyar da kome. Haka nan in malama ce, ku kiyaye mutuncinta, ku tuna Nana Asma'u 'yar Shehu ita ta riƙa naɗa jajis tana tura su ƙauyuka su karantar da mata.

Kai kuma ma'aikacin ofis, ko a hukumar ilmin bai ɗaya ta jiha kake ko a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, takardar sabon malamin da take kan teburinka amana ce. Shari'a ta yi umarni da gaggauta biyan ma'aikaci haƙƙinsa, ta kuma ƙidaya jinkirin mai hali a cikin zalunci. Kada ka nemi na goro kafin ka sa sunansa a jerin albashi. Kada ka tara 'ya'yan manya a makarantun cikin gari ka bar na ƙauye da malami ɗaya. In kai sufeto ne, ka je masa da nufin gyara, ka zauna a ajinsa ka ga darasinsa, ka yaba inda ya kyauta kafin ka nuna inda ya gaza.

Jama'a, bayan yaƙin Badar fursunonin da ba su da kuɗin fansa an karɓi koyar da yaran Madina goma rubutu a madadin fansar kowannensu. Wannan ita ce darajar koya wa yaro karatu da rubutu a addininmu. Wanda ya zo garinku domin wannan aiki ya cancanci ku riƙe shi hannu bibbiyu.

Allah Ya ba malamanmu haƙuri da tsoronSa, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu cika da imani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.