Masu Cin Goro, Masu Gudun Kurmi

Duk lokacin da wani saurayi daga Biafra ko Adjamé ya ce zai hau mota zuwa Man domin ya ga matsirgar ruwa, amsar da yake samu a majalisa ba ta sauyawa. A yi masa dariya, a ce yawon banza ne, aikin Nasara ne, wai Bahaushe ba ya barin rumfarsa don kallon ruwa. Mu wannan magana ba mu yarda da ita ba, kuma masu faɗinta ya kamata su ji kunya tun kafin su tauna goron da ke bakinsu.

Daga ina goron ya fito? Daga kurmi. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina a bayan madugu, da jakuna da kayan kanwa, suka yi watanni a ƙafa kafin su isa Salaga ta ƙasar Gwanja, wasu suka zarce Bonduku. Ba su taɓa ganin tafiya cikin daji a matsayin abin raini ba. A yau Anyama tana nan arewa da Abijan, ana ɗaure huhu ana lodawa zuwa Nijar da Nijeriya, gidaje da yawa a cikinmu da wannan fatauci suka kafu. Amma tara yaran unguwa ka tambaye su yadda itacen goro yake, a inuwa yake so ko a rana, ka ga yadda za a yi tsit. Jikokin fatake sun koma ba su san ko'ina ba sai tsakanin tashar gbaka da ƙofar kasuwa.

Kurmin kuwa ba jiranmu yake yi ba. A farkon ƙarni na 20 ƙasar nan tana da kurmi kimanin hekta miliyan 16. Ƙidayar da aka fitar a 2021 ta nuna abin da ya rage bai kai miliyan 3 ba. Gonakin koko da masu yankan katako sun cinye sauran. Wanda ya ce sai ya tsufa zai je kallo, wataƙila kututture zai tarar.

Man tana yamma, kusan kilomita 600 daga Abijan, ta hanyar Yamusukuro da Dalowa da Duwekuwe. Ana mata kirari da birnin duwatsu 18, ƙasar Yakuba ce. Matsirgar tana kimanin kilomita 5 daga tsakiyar gari, a cikin kurmin gora, ruwa na saukowa kan dutse hawa-hawa kamar matakala, har ya taru a ƙasa inda ake shiga wanka. Kafin ka gan ta kunnenka ya riga ya ji ta, kuma sanyin feshinta yana taɓa fuska tun daga nesa. Da rani takan ƙanƙance har mai zuwa ya yi da-na-sanin kuɗin motarsa. A je bayan damina ta yi nisa. Mai sauran ƙarfin gwiwa ga dutsen Tonkpi nan mai tsawon kusan mita 1,200, ga kuma gadojin da ake saƙawa da igiyar kurmi a kan kogin Kabali wajen Danane, waɗanda al'adar masu wurin ta ce a cire takalmi kafin a taka.

Mun san uzurorin. Na farko iskoki: wai bakin ruwa mazauninsu ne. To, masu wanki da suka shekara da shekaru suna dukan tufafi a rafin Banko, baƙi 'yan ci-rani irinmu, me ya same su? Na biyu tsiraici. Babu wanda ya ce sai ka tuɓe. Ka shiga da wandonka da rigarka, iyalinka su zauna inda ya dace da su. Na uku haɗari, kuma wannan kaɗai ne mai nauyi. Dutsen yana da santsi, ruwa yakan yi ƙarfi bayan an sheƙa sama, kuma wanda bai iya iyo ba kada ya wuce inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Sai dai a nan ma laifin a kanmu yake komawa. Treichville tana zaune a bakin ruwan Ebiriye, muna hawa jirgin ruwa muna ƙetarawa, amma mun hana 'ya'yanmu koyon ninƙaya da sunan tsoro. Wane irin tsoro ne ke barin yaro kusa da ruwa ba tare da ya san yadda zai ceci kansa ba?

Batun kuɗi ma ba ya tsayawa. Abin da ake liƙa wa maroƙa a biki ɗaya ya isa ya kai ajin makarantar allo guda Man ya dawo da su.

Wanda duk da haka ya ga Man ta yi nisa, ga Banko a bayan gidansa. Tun 1953 aka keɓe ta, hekta fiye da 3,400 na kurmi a tsakiyar birni, tana maƙwabtaka da Adjamé da Attécoubé da Yopougon da Abobo. Kullum muna wucewa ta gefenta a mota muna hira. Muna kira ga shugabannin zango da malaman makarantu da ƙungiyoyin matasa su zaɓi Lahadi ɗaya a hutun nan, a ɗauki ruwan sha da tabarmar salla da ɗan jagora daga ma'aikatan wurin, a shiga da yara. Hutu na gaba kuma a yi karo-karo, a ɗauki shatar mota daga tashar Adjamé zuwa Man.