Shafinku ya ƙi buɗewa? Ku dakata da zargin wanda ya gina shi

Jama'a, ƙungiyoyi da gidajen rediyo da dama sukan biya a gina musu shafin intanet, daga nan su manta da shi. Ranar da ya ƙi buɗewa sai a ce matashin da ya yi aikin ya cuce su.

Sau da yawa ba haka ba ne. An rubuta shafin da PHP 5, wanda aka daina kula da shi tun ƙarshen 2018. Shi kuwa rumbun bayanai, MySQL, daga siga ta 8 ya canza yadda yake tantance kalmar sirri. Tsohon PHP ya yi sallama, MySQL bai gane muryarsa ba. Labarai da sunayen mambobi suna nan ciki, amma ba hanyar shiga. In an ɗaga PHP zuwa 7 ma, tsofaffin umarnin mysql_ babu su, an cire su tun 2015.

Wasu masu gyara sukan maido tsohuwar hanyar tantancewa don a samu a wuce. To, MySQL 9 ya soke ta kwata-kwata. Ni dai a ganina, a biya a sake rubuta haɗin da PDO, kuɗin kulawa na kowace shekara kuma ya shiga yarjejeniya tun ranar farko.