Gayyar dashe a filayen ibada na Minna: wa zai yi ban-ruwa idan rani ya shigo?

Da zarar ruwan farko ya sauka a Minna cikin watan Afrilu, hankalin kowa kan koma gona. A wannan lokaci ne ya kamata kwamitocin masallatai da na majami'u, da masu kula da filayen Idi da maƙabartu, su tuna cewa su ma suna riƙe da ƙasa. Daga Bosso zuwa Chanchaga, daga Kpakungu zuwa Maitumbi, akwai filayen da jama'a suka keɓe domin ibada ko binne mamata. Da dama daga cikinsu fayau suke, babu inuwar da mai rakiyar gawa zai fake a zafin watan Maris.

Kiran jama'a su fito gayyar dashen itatuwa a irin waɗannan wurare ba baƙon abu ba ne a al'ada ko addini. Da gayya kakanninmu suka yi noma da gini. Sayyidina Umar ya mayar da gonarsa ta Khaibar waƙafi, Abu Ɗalha kuma ya sadaukar da lambunsa na Bairuha a Madina. Ya inganta a hadisi cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, an rubuta masa ladan sadaka.

Sai dai gayya aikin wuni guda ce, itace kuwa yana buƙatar kulawar rani biyu kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ruwan Minna yakan ɗauke a watan Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙaramin dashe yana fama da hunturu da awaki da gobarar daji. A nan ne yawancin gangamin dashe yake mutuwa, bayan an ɗauki hotuna an watse.

Gwamna Umaru Bago ya shirya babban taro kan tattalin arziki mai kare muhalli a Oktoban 2023, kuma gwamnati na iya samar da irin dashe. Abin da ba za ta iya ba shi ne aika ma'aikaci gindin kowane itace kullum. Masallaci kuwa sau biyar a rana ake zuwa, kuma kowace sallah tana barin ruwan alwala da ke malala cikin kwata a banza. 'Yar magudana daga wurin alwala zuwa gindin itatuwa ta isa ta raya su har damina ta dawo. Majami'u ma suna da ƙungiyoyin mata da matasa da za su iya raba kwanakin ban-ruwa a tsakaninsu.

Saboda haka, a tsara aikin tun kafin a ɗauki fartanya. A haƙa ramuka a zuba taki cikin Mayu, a yi dashen a Yuni ko farkon Yuli lokacin da damina ta kankama, domin saiwa ta samu watanni tana kama ƙasa. Kowane itace a yi masa keji, a kuma rubuta sunan gida ko ajin Islamiyyar da zai kula da shi. Gara hamsin masu mai kula da su da dubu marasa gata.

Masu ɗari-ɗari suna da hujja. Saiwar manyan itatuwa tana fasa katanga, tana kutsawa cikin kaburbura, 'ya'yan itace kuma kan haddasa rigimar mallaka. Maganin shi ne a maƙabarta a tsaya a bakin iyaka da gefen hanyoyi da itace irin dogonyaro, a bar mangwaro da kashu da gwaiba da zogale ga harabar masallaci da makaranta, nesa da gini. A kuma rubuta tun farko cewa amfanin waƙafi ne, a bayyana inda kuɗinsa zai tafi.

Ba ma kowane itace ne sai an sayo ba. Manoman yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, sun farfaɗo da dazuzzukansu ta hanyar kare tohon kututturen da ke cikin gonakinsu, har aikin ya kai kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Duk filin Idin da ke da tohon kaɗanya ko ɗorawa ya riga ya samu rabin aiki.

Lamarin ya wuce neman inuwa. Sana'ar gawayi tana cin dazukan jihar Neja. Ambaliyar Mokwa ta Mayun 2025, wadda ta halaka fiye da mutum 150, ta nuna ƙarfin ruwa idan ya sami hanya. Itatuwa kaɗai ba za su hana ambaliya ba, amma suna riƙe ƙasa su rage zaizaya. Layin itatuwa kuma shaida ce ta iyaka, a garin da filaye ke ƙara tsada kuma masu cin iyaka ba sa barci.

Minna ta san yadda aikin sa-kai ke zama cibiya mai ɗorewa. A nan aka kafa ƙungiyar FOMWAN a 1985, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amirarta ta farko. Limamai da shugabannin majami'u su sanya ranar gayya a bana, amma su sanya wata ranar a Maris mai zuwa domin ƙirga itatuwan da suka rayu, a karanta adadin a gaban jama'a.