Hayar Mota Daga Daura Zuwa Ikko: A Riƙa Rubuta Jinga

Wannan magana ce zuwa ga fatake da malaman ƙasar Daura a kan sha'anin dakon kaya zuwa bakin teku.

Tsakanin Daura da Ikko ya fi kilomita 1,000, kuma da yawa cikin masu cinikin shanu a kasuwar Mai'aduwa ba su taɓa ganin teku da idonsu ba. Duk da haka, kuɗin motar da a ke yanka musu, rabinsa a bakin tekun nan a ke ƙulla shi. Dalili kuwa, babbar mota ba ta cin riba sai ta yi lodi tafiya da dawowa. Ta gangara kudu da shanu ko wake ko riɗi, ta hauro da gishiri da sukari da fulawa da sauran kayan da jiragen ruwa su ka sauke a Apapa. In mai mota ya tabbata zai sami kayan dawowa, sai ya sassauta wa farke. In kuwa ya san wayam zai komo, ko zai daɗe cikin layi, to, man dawowa da kwanakin zama duk a kan buhun farke zai ɗora su. An ga wannan sarai tsakanin 2017 da 2020, sa'ad da hanyar Apapa da ta Tin Can su ka cushe, motoci su ka yi ta kwana bisa gada har makonni, kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabo.

Ciwon kuwa ba sabo ba ne. Reluwe ta iso Kano a 1911, amma Daura ba ta sami layin dogo ba, sai jakuna da raƙuma, daga baya motoci, su ke kai gyaɗarta can. Dalar gyaɗa da a ke yabo, wadda a ke tunawa da ita tare da Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, tarin kaya ne masu jiran tarago, domin jirgin ƙasa ya kan kasa kwashe amfanin shekara kafin wata ta shigo. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 su ka karya cinikin, reluwe ta raunana, nauyi duk ya koma kan titi.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a 2023 kuma aka buɗe tashar kayan teku ta kan tudu ta Dala a Kano. Allah ya sa albarka. Amma fa jirgi a tasha ya ke tsayawa. Riɗin Baure da waken Zango da na Sandamu ba za su rabu da mota ba. Hanya kuma ta kan yanke ba zato. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, har da ta Kwangwalam, sai a Disamban 2020 aka fara buɗe wasu. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, fataken abinci da na dabbobi su ka tsai da kai kaya kudu na 'yan kwanaki. Kayan da irin wannan ya riska a tsakiyar hanya, wa zai ɗauki hasararsu?

Nan ne gizo ke saƙa. Mutum zai danƙa wa direba dukiyar da ya yi shekara ya na tarawa, ba shaida sai ɗan kamasho, ba takarda sai musafaha. Mota ta lalace a Jebba, shanu biyu su mutu, sai gardama ta tashi, kowa na rantsuwa. Alhali malamai sun daɗe da warware irin wannan. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda a ke karantawa a kowane zaure, an nuna cewa wanda ya yi hayar wata dabba ayyananniya zuwa wani gari, ta mutu a hanya, hayar abin da ya saura ta warware. An kuma nuna mai jirgin ruwa ba ya ramuwa, amma ba shi da lada sai ya isar da kaya. A mazhabar Imamu Malik, mai dakon abinci shi ne a ke ɗora wa lamuni in ya ce ya salwanta ba tare da shaida ba, domin abinci abu ne da hannu ke saurin kai masa. Ko mota ta ɗauki hukuncin dabba ko na jirgi, malamai da alƙalai ke da ikon faɗi, kuma ya kamata su faɗa a wurin karatu, su daina wuce babin haya da sauri kamar ya mutu tare da ayarin raƙuma.

Wani zai ce rubutu alamar rashin yarda ne. To, aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ga Sahabbai ta fara sauka, waɗanda amanarsu ta fi ta kowane farke da direba na yau.

Abin da za a rubuta ba shi da yawa: adadin buhu ko kan dabba, lambar mota, ranar tashi, inda za a sauke, nawa aka ba da kafin alƙalami, wa zai biya kuɗin shingayen hanya, da yadda za a yi in mota ta kwanta, sa'an nan shaidu biyu su sa hannu. Takardar ta tsare direba ma, domin akwai farken da ke tilasta masa ya cusa shanu fiye da ƙima, ya kuma ɗora mutane bisa katako, in ɓarna ta auku ya ce laifin tuƙi ne. Ajami ya wadatar ga wannan aiki. Shugabannin tasha a Mai'aduwa da Daura su ajiye littafi ɗaya, su ɗauki gardi mai kyan hannu daga makarantar allo ya zauna ranar kasuwa, a riƙa ba shi ladansa daga cikin kamasho.