Wankin ƙoda a gida: in ruwa ya gurɓata, likita nan take

Jama'a, duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san wahalar. Sai a rufe shago, a bar rumfa, a tare a Yamai kusa da asibitin Lamorde, ana hawa na'ura sau 2 ko 3 a sati. Jari ya narke kafin a farga.

Shi ya sa muke sa ido ga wata hanya da Senegal ta soma a Dakar a 2004, Sudan kuma a 2005: wanki ta ciki. Likita kan dasa tiyo a cikin marar lafiya. Shi da kansa, a ɗakinsa, yake ɗura ruwan magani kamar lita 2, ya bar shi ya tsotse datti, sannan ya fid da shi, galibi sau 4 a rana.

Amma hanyar tana da maƙiyi. In ƙwayar cuta ta bi tiyon, tantanin da ya lulluɓe hanji sai ya kumbura. Alama ta fari a ido take: ruwan da ya saba fitowa garau ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ga ciwon ciki, wani lokaci da zazzaɓi.

Ranar nan ake zuwa asibiti, da jakar ruwan a hannu don a auna. Maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin ruwan wankin ake zuba shi, sati 2 zuwa 3. In kwana 5 suka wuce ruwa bai washe ba, sai a cire tiyo. Jinkiri kan lalata tantanin, marar lafiya ya koma kan na'ura, ko a rasa rai.

Nan tsoronmu yake. Mun saba, ciki na murɗawa, sai mu aiki yaro wajen mai tallan magani. Kafso na iya ɓoye cutar, har awon asibiti ya kasa gano ta.

Saboda haka, kafin hukumomi su yi mana alƙawarin wankin gida, muna tambaya: ina ɗakin awo a Maradi, Damagaram da Tawa da zai karɓi ruwan ko da dare? Wa zai koya wa iyalai wanke hannu da sabulu, rufe baki da hanci, da rufe taga lokacin ƙurar hunturu? Tun ran gini, ran zane.