Samun gurbi daban, kammala karatu daban

A makon jiya wani maƙwabcina mai walda ya tare ni a ƙofar gida da takarda a hannu. Ɗansa ya samu gurbin karatun injiniyan lantarki a wata jami'ar fasaha ta tarayya. Na yi masa barka, ya amsa da fara'a, sannan ya juya bayan takardar ya nuna mini lissafin da ya yi da biro: kuɗin rajista, kuɗin ɗaki, kuɗin mota, garin kwaki da manja, sai kwamfuta. Ya ce, "Malam, wannan fa na shekara ɗaya ne."

Gaskiyarsa. Karatun injiniya shekara 5 ne. Kafin yaro ya samu gurbin sai ya ci darussa 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Lissafi da Turanci da Fiziks da Kemistiri, ya ci JAMB, ya tsallake tantancewar jami'a. Wanda ya sha wannan gwagwarmaya bai kamata talauci ya dawo da shi gida ba.

An kafa jami'ar fasaha ta Bauchi a 1980, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai ta Minna a 1983, domin ƙasa ta samu injiniyoyi nata na kanta. A hukumance ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawansu sun ƙara kuɗin rajista, haya da abinci ma suka tashi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarshen karatun. A aji huɗu ɗalibi zai yi wata 6 yana koyon aiki a masana'anta, sau da yawa a garin da ba shi da kowa, kwana da ci duk a wuyansa. A aji biyar kuma aikin kammalawa yana jiransa, kowace waya da kowane batir daga aljihunsa za su fito.

Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage zafi. Yana biyan kuɗin makaranta, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ba ruwa a ciki, kuma sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Iyaye su sa 'ya'yansu su nema. Sai dai naira 20,000 ba ta sayen kwamfuta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumomin tallafin karatu na jihohinmu su riƙa biya a farkon zango. Tsofaffin ɗalibai su buɗe wa ƙannensu ƙofar koyon aiki. Attajiranmu kuma, don Allah kowa ya ɗauki ɗalibi ko da ɗaya ne, ya riƙe shi har ranar da zai karɓi takardarsa.